Tukunyar da Na Goge a Hoton Fadama

Safiyar wata Alhamis ta ƙarshen daminar da ta wuce ta ƙi fita daga raina, kuma ban ga alamar za ta fita ba. Har yau in na buɗe ƙafa-ukun da muke ɗora kyamara a kai, na ji ƙarar ƙarfen, sai na waiwaya in ga ko akwai wani tsaye a bayana. Ƴan'uwa masu koyon gyaran hoto da muke zaure ɗaya a waya sun dame ni da tambayar abin da ya faru a bayan Bomo, kowa da irin labarin da ya ji, har da mai cewa duka aka yi mini. Ba a dake ni ba. Ga yadda aka yi.

Sunana Rifkatu, a Dogarawa nake zaune da iyayena. Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba, sai babana ya kai ni wani situdiyon hoto a unguwar PZ da ke Sabon Gari, wajen Oga Bulus. Ga wanda bai san aikin ba, a shago irin namu Oga ne ke karɓar aiki, shi ke magana da kwastoma, shi ke fita manyan ayyuka. Ƙarƙashinsa akwai masu ɗaukar biki da fasfo, sannan mu masu zama gaban kwamfuta muna gyara. Ni a gyara na fi ƙarfi. Goge ƙuraje, daidaita ɗaurin ɗankwalin da ya karkace, cire kan wani da ya leƙo cikin hoton amarya. Abu na farko da aka koya mini shi ne ba a tambayar dalili. Kwastoma ya ce cire, ka cire.

Wata rana wani mutum ya zo a mota mai baƙin gilashi. Injiniya kawai na ji Oga yana kiransa. Ya ce kalandar sabuwar shekara kamfaninsu zai buga, yana son hoton karkara da sassafe cikin hazo, irin wanda ake gani a fuskar kwamfuta. Galibi mai irin wannan buƙata Oga yake bar wa zaɓen wuri. Shi wannan da wurinsa ya zo: wata fadama a bayan Bomo, kusa da wata ƴar unguwar manoma. Har taswirar wurin ya turo wa Oga a waya.

Hazon safiya ba ya zuwa don an kira shi. Sai an yi ruwa da yamma, gari ya washe, iska ta kwanta, sannan da asuba za ka same shi kwance a kwari da bakin ruwa kamar tururin tukunya. Rana na ɗagawa ya watse. Don haka tun gari bai gama wayewa ba ake isa, a kafa kyamara a kan ƙafa-uku, domin haske kaɗan ne, hannu ya ɗan motsa hoto ya lalace. Ita kanta kyamarar hazo ruɗa ta yake yi. Tana ganin farin sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta duhunta hoton ya fito toka-toka, dole ka ƙara mata haske da kanka. Saiti ma da hannu ake yi, in ka bar mata sai ta yi ta lalube ba ta kama komai ba. Ga raɓa da ke kwanciya a gilashin gaba, kana gogewa tana dawowa. Oga ya koya mini in fuskanci gefen da rana za ta ɓullo, don hasken ya biyo ta bayan hazon ya haska shi.

Fitar farko tare muka yi da Oga, ni ce mai riƙe jaka da goge gilashi. Gaskiya wurin ya yi kyau. Shinkafa shimfiɗe a ƙasa, kawunan ɗorawa suna yawo a saman hazo kamar ba su da gindi, can nesa wata mata a sunkuye tana aiki. Ba mu gai da kowa ba, ba mu nemi mai unguwa ba. Muka ɗauka, muka naɗe kaya, kafin rana ta yi zafi mun dawo Sabon Gari.

Gyaran hoton hazo aikin haƙuri ne. In ka ba shi kaifi irin na hoton biki, hazon ya mutu. Abin da ke kusa ake ɗan ƙarfafawa, na nesa a bar shi ya narke, a ɗan ɗumama launin gefen rana. In kuma akwai abin da ba a so, ba sai an yanke shi ba. Sai a ɗebo hazo daga wani gefen hoton da buroshi mai laushi, a riƙa shafawa a kai kaɗan-kaɗan har abin ya nutse. Ido ba ya ganewa, don hazo ba shi da baki balle a ga inda aka haɗa. Wannan ne abin da na fi kowa iyawa a shagon, kuma ina alfahari da shi.

Ranar gyara Injiniya ya jawo kujera ya zauna a bayana, abin da kwastoma ba su cika yi ba. Yana nuna fuskar kwamfutar da makullin motarsa. Ledoji da gwangwanayen da aka rataya a igiya don korar tsuntsaye, ya ce a cire. Wannan ban yi mamaki ba, suna ɓata hoto. Rumfar gadi, a cire. Matar da ke sunkuye, a cire. Layin gamba da ya ratsa tudun, da kunyoyin dawa, a rufe su da hazo. A gindin babbar ɗorawar akwai wata tsohuwar tukunya a kife da wani ɗan itace a tsaye kusa da ita. Na ɗauka tarkace ne. Shafa biyu na yi suka ɓace.

Da na kai kan turken wutar lantarki da wayoyinsa zan goge, sai ya dafa teburin.

“A'a, wannan ki bar shi. Ki ma ƙara fito da shi.”

Tun da na fara aiki ban taɓa ganin mai son hoton karkara da bai ce a cire wayar wuta ba, ita ce abu na farko da kowa ke nunawa. Na dubi Oga, idonsa na kan wayarsa. Na tambayi Injiniya sunan kamfanin don in sa a ƙasan hoton, ya yi dariya, ya amsa mini da Turancin buroka cewa in yi nawa aikin kawai. Ya kuma ce a bar sama da faɗi, a nan za a jera watanni. Aka tura masa hoton a ranar, ni ma na ajiye ɗaya a wayata don ya burge ni.

Bayan kwana kaɗan ya ce yana son wani hoton daga ɗaya gefen, yadda kwalta za ta fito, a kuma hango tankin ruwan jami'a daga nesa. Ranar Laraba da yamma aka yi ruwa, Oga kuwa yana da biki a Kaduna. Ya ce in je ni kaɗai, ai na ga yadda ake yi. Maƙwabcinmu Malam Iliya mai acaɓa ya kai ni, ya ce zai kai wasu ɗalibai Samaru ya dawo ya ɗauke ni.

Hazon ranar ya fi na farko kauri, ko gindin ɗorawar ba na gani sosai. Na kafa ƙafa-uku, na sunkuya ina saiti, sai na ji tari. Na ɗago ban ga kowa ba. Na ji ciyawa na motsi ta hagu, sannan ta dama. Daga nan mutane suka fara fitowa daga cikin farin ɗaya bayan ɗaya, maza, wannan da fartanya, wannan da lauje, wani da adda. Na gaishe su, babu wanda ya amsa sai wani tsoho mai tsohuwar rigar sanyi, wanda daga baya na ji suna kira Baba Jatau. Abin da na lura shi ne ba ni suke kallo ba. Ƙafa-ukun suke kallo.

“Ƴata, daga ina za a fara awon?” in ji tsohon.

Na ce wane awo, Baba, hoto nake ɗauka. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi a rayuwarsa duk lokacin da ya ga abu mai ƙafa uku a gona da sassafe, mutum ya sunkuya yana leƙa ido ɗaya, to safiyo ne mai awon fili, kuma abin da ke biyo baya turakun siminti ne. Haka gonakin tsallaken hanya suka tafi, yanzu ɗakunan hayar ɗalibai ne. Wani saurayi ya ce tun wancan makon suka ga ramuka uku a jiƙaƙƙiyar ƙasa a bakin kunya, shi ya sa duk safiyar da aka tashi da hazo suke fitowa jira. Wani daga baya ya ce wa ya sani ma ko ƴar leƙen asirin masu satar mutane ce, mace ita kaɗai a daji da wannan lokaci. Na ji ana cewa a kira ƴan banga.

Abin da ya zo mini shi ne in nuna musu aikin, su ga ba awo ba ne. Na ciro waya, na buɗe hoton da na gyara, na miƙa wa Baba Jatau. Na ce ka gani, Baba, kalanda ce, wurinku ne ya yi kyau aka ce a ɗauka.

Ya duba, ya nisanta wayar daga idonsa, ya sake dubawa. Sai ya miƙa wa wata mata da ta iso daga baya da kwando a kai. Mama Kande sunanta. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kan ɗorawar, ta gangaro da shi zuwa gindin, ta tsaya.

“Ga ɗorawar nan,” ta ce. “Ina mijina?”

Ban gane ba sai da Baba Jatau ya kama hannun rigata ya kai ni gindin bishiyar. Tukunyar na nan a kife, itacen na nan a tsaye. Kabari ne. A gefen gonarsa aka binne mijin Mama Kande yadda aka binne iyayensu, aka kife tukunya kamar yadda ake yi tun kafin su shiga addinin Kirista, itacen kuma gicciye ne da hannunsa ya faɗi a ruwan bana. Ni da nake zuwa sujada kowace Lahadi, gicciye na goge ban sani ba. Baba ya ce su ba su da takarda. In aka tambaye su shaidar gona, ɗorawa suke nunawa, da layin gambar da kakanni suka shuka a kan iyaka, da kabari. Duk abin da ya lissafa, babu wanda ban rufe da hazo ba.

Wayar ta shiga hannu zuwa hannu. Surutu ya tashi. Wani ya ce ga shi nan an riga an kore su a takarda, saura a zo da mota. Wani ya fizgi ƙafa-ukun, da ƙyar na rungume kyamarar. Na durƙushe cikin raɓa, ina jin addu'a na fita daga bakina amma ban san me nake cewa ba. Mama Kande ce ta damƙi wuyan hannuna, ta ja ni cikin rumfar gadin nan da na goge, ta zaunar da ni a kan buhu, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce wa samarin duk mai son taɓa yarinyar mutane ya fara da ita.

A cikin rumfar ne na tuna da ƙa'idar shagonmu: ba a share memorin kyamara sai an gama aiki an miƙa. Hotunan fitar farko suna ciki yadda aka ɗauke su. Na kunna, na nuna mata a bayan kyamarar. Ga gamba, ga kunyoyi, ga tukunya, ga wata mata a sunkuye. Na ƙara girman wurin. Ta kalli kanta, ta ce ashe haka ta rame ba wanda ya gaya mata. Wani a bakin rumfar ya yi dariya.

Baba Jatau bai yi dariya ba. Ya tambaye ni kalandar wa ce. Na ce ta wani kamfani. Wane kamfani? Ban sani ba. Sunan mutumin? Injiniya. Na rantse masa da Allah cewa abin da aka gaya mini ke nan. Ya sake karɓar wayar ya duba hoton da na gyara.

“To, an cire rumfa, an cire Kande, an cire mamaci. Me ya sa turken wuta ya tsira?”

Tambayar da ni ma nake ɗauke da ita ke nan tun ranar gyara.

Suka bar ni da kyamara, suka riƙe ƙafa-ukun, suka ce mai shi ya zo da kansa ya karɓa. Mama Kande ta raka ni har bakin kwalta, ta tsaya sai da Malam Iliya ya iso. A hanya ya yi ta tambayata me ya same ni har muka iso Dogarawa.

Da Oga ya dawo, faɗan ƙafa-uku ya fara yi. Sannan ya ce mutanen ƙauye haka suke, komai suka gani filinsu ake nema. Na tambaye shi kai tsaye ko ya san abin da Injiniya zai yi da hoton. Ya ce, “Rifkatu, mu hoto muke yi.” Bai ce eh ba, bai ce a'a ba.

Washegari wata baƙuwar lamba ta kira ni. Injiniya ne, murya a sanyaye. Ya ce ya ji na sha wahala, ya yi mini sannu. Ya ce tunda aikin nasa ne, duk hotunan asali da ke memori da kwamfuta a share su, ba ya son su shiga hannun wasu. Kafin ya kashe ya ce in gai da babana a Dogarawa. Ban taɓa ba shi lambata ba. Ban taɓa gaya masa unguwarmu ba. Na zauna ina kallon bayan Oga yana yanka fasfo, ina tunanin mutum nawa ne suka san waɗannan abubuwa biyun.

Ban share ba, amma ban gaya wa kowa ba. Sai ranar da aka aike ni layin bayanmu, wajen masu buga manyan fostoci na leda, in karɓo na wani biki. Injin yana aiki, wata fosta na fitowa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Na ga shinkafa. Na ga gindin ɗorawa fes, babu komai a wurin sai hazona. Na ga turken wuta ya fito raɗau. An ja fararen layuka a kan hoton an yanka shi gida-gida, an sa wa kowane lamba, har gindin ɗorawar. A saman da na bari don watanni kuwa an rubuta da manyan baƙaƙe: fuloti na sayarwa, kusa da jami'a, ga wuta ga titi, babu rigima. Na yi kamar ina duba saƙo, na ɗauki hoton fostar da wayata, na fita ban karɓi abin da aka aike ni ba.

Na nuna wa Oga. Ya daɗe yana kallo. Ya jawo durowa ya ciro memorin ya ajiye a gefen tebur, ya ce shi bai ba ni komai ba, ya fita sayen ruwa. Na buga hoton asali babba, na buga na fostar.

Ranar Lahadi bayan sujada babana ya raka ni unguwar manoman da hotunan biyu. Tsoro kamar zai kashe ni, don ni ce na rantse musu cewa kalanda ce. Baba Jatau ya kalli takardun biyu, ya ce dama bai ce ƙarya na yi ba, cewa ya yi ban sani ba. Mai unguwa ya sa ranar zama. A gaban dattawa na shimfiɗa hotunan gefe da gefe a kan tabarma, na yi bayanin yadda ake ɗebo hazo a shafa, ina nuna wuri-wuri: nan gamba take, nan rumfa, nan kabari. An aika wa Injiniya, bai zo ba, lambarsa ma ta daina shiga. A wurin na ji ana cewa wani ɗan'uwan marigayi mijin Mama Kande da ke zaune a cikin gari ne ya yi masa alkawarin filin ba da sanin kowa ba. Mai unguwa ya kai maganar gaban dagaci da hotunan biyu, aka ce kada wanda ya kafa turke a wurin. Fostar ban ƙara ganinta a ko'ina ba.

Da aka tashi, saurayin da ya fizge ƙafa-ukun ya kawo mini shi an goge shi tas, yana sunkuyar da kai. Mama Kande ta ce kafin in tafi da shi tana son hoto, ita da ƴaƴanta a gindin ɗorawa, an riga an buga wa gicciyen sabon hannu. Na ce mata in dawo da sassafe, hasken safiya ya fi kyau.

“A'a, ƴar nan. Ki bari sai rana ta take, yadda ba abin da zai ɓuya.”

Haka aka yi. Hoton ya fito da inuwa a ƙarƙashin ido, kowa ya yamutsa fuska saboda rana, duk wanda ya san aiki zai ce ba a iya ɗauka ba. Ko ƙura ban goge a jikinsa ba.

Har yanzu ina shagon Oga Bulus. Ban san ko ya sani tun farko ba, kuma na daina tsammanin zan sani. Baƙuwar lamba ba na ɗauka, mota mai baƙin gilashi ta tsaya a layinmu sai in shige ciki. Abin da zan gaya wa masu koyo shi ne, kafin ka kafa ƙafa-uku a gonar da ba taka ba, nemi mai unguwa ka gaishe shi, ka bar masu wurin su leƙa kyamarar da idonsu. Ba tsoron banza suke yi ba, sun ga abin da ya sa. Kada ka share hoton asali don wani ya ce ka share. In kwastoma ya zauna a bayanka yana cewa cire wannan, cire wancan, ka lura da abin da ya ce a bari, a nan za ka gane me yake sayarwa. Ƙuraje da ɗankwali har gobe ina gyarawa ba tambaya. Amma abin da na gani a ƙasa, a gonar mutane, ba na shafa masa hazo sai na san mene ne, na san kuma wanda ya ajiye shi.